Kiwon Kaji da Agwagi a Gida

Kiwon kaji da agwagi a gida shi ne ajiye tsuntsaye 'yan kaɗan a tsakar gida ko a bayan ɗaki, yawanci daga biyar zuwa 'yan gomomi, domin samun ƙwai da nama da ɗan kuɗin kashewa. Ya bambanta da kiwon gidan gona, inda ake tara dubban kaji a rufe ana ba su abincin kamfani. A ƙasar Hausa, wato arewacin Najeriya da kudancin Nijar, da wuya a shiga gidan karkara ba a tarar da kaji ba, kuma galibi mata da yara ne masu su. Kaza ita ce asusun matar gida: a sayar da ita in rashin lafiya ta taso, a yanka ta in an yi baƙo, a kai ta gudummawa ranar suna. Babbar matsalar mai neman ƙwai a wannan yanki ita ce zafin bazara, sai kuma annobar da ke zuwa da hunturu.

Suna da asali

Ana kiran macen kaza, namijin zakara, ƙaramin kuma ɗan tsako. Jam'in kaza shi ne kaji, domin a Hausa sautin "z" kan koma "j" idan wasalin "i" ko "e" ya biyo shi, kamar yadda ake samu a miji da maza. Jam'in agwagwa agwagi ne, namijinta kuma toro. Ɗakin kaji shi ne akurki, ƙwan da ya lalace a ƙarƙashin uwa bai ƙyanƙyashe ba kuwa baragurbi, kalmar da ta fita daga akurki har ake jifan mutumin banza da ita.

Kazar gida ta samo asali ne daga wata kazar daji mai jan gashi ta kudu maso gabashin Asiya. Agwagwa kuwa gida biyu ce. Wadda aka fi sani a ƙasar Hausa, mai jan tsiron nama a fuska, ita ce masana ke kira Cairina moschata, asalinta daga tsakiya da kudancin nahiyar Amurka. Ba ta da kuka mai ƙarfi, toronta huci kawai yake yi, tana da farata, kuma macen takan tashi ta hau katanga. Gida na biyu su ne agwagin da suka fito daga agwagwar daji ta Turai da Asiya, irin su Pekin da Indian Runner da Khaki Campbell. Idan aka haɗa gidajen biyu barbara ana samun 'ya'ya, amma 'ya'yan ba sa haihuwa, kamar dai alfadari.

Ire-iren da ake kiwo

Kajin Hausa, waɗanda ake kira kajin gida, ƙanana ne, sun iya tsere wa shaho, suna neman abincinsu da kansu, kuma sun fi jure zafi. Sai dai ƙwansu kaɗan ne. Kaza takan saka ƙwai 10 zuwa 15, ta kwanta a kansu, ta yi rainon 'yan tsaki wajen wata biyu, sannan ta sake sakawa. Da haka a shekara ba ta cika wuce ƙwai 40 zuwa 60 ba. A cikinsu akwai marasa gashi a wuya da kuma masu gashi a murɗe. Waɗannan biyun sun fi sauran sauƙin fitar da zafin jiki, saboda haka bai kamata mai kiwo ya raina su don muninsu ba.

Kajin gidan gona masu ƙwai, waɗanda ake ce wa leyas, irin su ISA Brown, suna fara sakawa a wajen mako 18 zuwa 20, kuma suna iya kai ƙwai 300 a shekara idan abinci da ruwa da rigakafi sun cika. An cire musu ɗabi'ar kwanci, don haka ba sa ƙyanƙyasa. Idan aka sake su a tsakar gida aka bar su da dusa da tone-tone, ƙwan yakan tsaya cikin 'yan kwanaki, kuma su ne farkon mutuwa a bazara.

Akwai na tsaka-tsaki da aka samar a Najeriya. Cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta fitar da kazar ƙwai mai suna Shika Brown. Jami'ar Aikin Gona ta Abeokuta ta fitar da FUNAAB Alpha, sannan akwai Noiler wadda ta yaɗu sosai a hannun matan gida. Na biyun ƙarshe ana kiwonsu don ƙwai da nama a haɗe, sun fi kajin gida girma da ƙwai, amma suna bukatar a riƙa ƙara musu abinci.

Agwagwa mai jan fuska ba gwanar ƙwai ba ce. Takan saka goma sha wani abu ta kwanta, sau biyu ko uku a shekara, amma uwa ce ta ƙwarai wajen kwanci da kare 'ya'ya. Wanda ƙwai yake nema daga agwagwa sai ya nemi Khaki Campbell, wadda Adele Campbell ta samar a Ingila a ƙarshen ƙarni na 19, domin tana iya gogayya da leyas a yawan ƙwai. Ƙwan agwagwa ya fi na kaza girma da maiƙo: yakan kai giram 70 ko fiye, na leyas wajen giram 60, na kazar gida kuwa wajen giram 40.

Yadda zafi ke taɓa ƙwai

Zafin jikin kaza yana wajen digiri 41 a ma'aunin salshiyas, kuma ta fi sakewa idan zafin wuri yana tsakanin digiri 18 da 24. A watannin Maris da Afrilu da Mayu, zafin rana a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Yamai da Damagaram yakan haura digiri 40, wato iskar da ke kewaye da kazar ta kusa daidai da zafin jikinta. Tsuntsu ba ya gumi. Abin da kaza ke yi shi ne ta buɗe fuka-fukai, ta tura jini zuwa zanko da leɓe da ƙafafu, ta tona ƙasa mai sanyi ta kwanta, in abin ya ƙi kuma ta buɗe baki ta shiga haki.

Hakin nan shi ne tushen matsalar ɓawo. Ɓawon ƙwai an gina shi ne da sinadarin kalsiyam haɗe da kabonet, shi kuma kabonet daga iskar kabon da ke cikin jini jiki ke samar da shi. Idan kaza tana haki takan fitar da iskar kabon fiye da kima, sai abin gina ɓawon ya yi ƙaranci. Ga shi kuma zafi yana rage mata cin abinci, don haka kalsiyam ɗin ma bai shiga yadda ya kamata ba. Shi ya sa a bazara ake ganin ƙwai ƙanana, masu ɓawo sirara da ke fashewa a hannu, wani lokaci ma ƙwai marar ɓawo sam. Masu kiwo da yawa sukan ɗauka cuta ce su shiga ɗura magani, alhali inuwa da ruwan sanyi ake bukata.

Ƙwai ɗaya yana ɗaukar awa 24 zuwa 26 kafin ya kammala a cikin kaza, kuma kusan awa 20 daga ciki na gina ɓawo ne, akasari da dare. Wannan yana da amfani ga mai kiwo: abincin yamma shi ne ya fi shafar ingancin ɓawon gobe. Haka kuma narkar da abinci yana ƙara zafin jiki, saboda haka a bazara ake ba da abinci da sassafe da kuma bayan la'asar, a bar tsakar rana ga ruwa kaɗai. Kama kaji, ko yi musu allura, ko ɗaure su a kai kasuwa da tsakar rana yana iya kashe su.

Alamun zafi ya yi yawa su ne haki ba tsayawa, saukar da fuka-fukai, zawo mai ruwa saboda yawan sha, da kwanciya a gefe. Kazar da ta kai ga faɗuwa ana kai ta inuwa, a tsoma ƙafafunta da ƙirjinta a ruwa mai ɗan sanyi, ba na ƙanƙara ba. Manyan kaji masu ƙiba sun fi shiga haɗari.

Agwagwa ta fi kaza sauƙi a wannan fanni muddin akwai ruwa, domin takan jiƙa jikinta ta kuma fitar da zafi ta ƙafafu da baki. Idan babu ruwa da inuwa, ita ma zafi yana kayar da ita.

Akurki

Akurkin gargajiya na laka ne, ƙarami, mai ƙofa ɗaya da ake toshewa da dare. Yana kare kaji daga muzuru da sanyin hunturu, amma a bazara tanda ne, ga shi da wuyar shara, ga tsagogin bango da ƙuma da kaska ke ɓuya a ciki. Ɗakin da ya dace da ƙasa mai zafi shi ne wanda aka gina gajeren bango, aka rufe sauran da ragar waya don iska ta ratsa. Ana shimfiɗa tsawonsa daga gabas zuwa yamma, yadda rana ba za ta leƙo ta gefe ba, a kuma bar bakin rufin ya zarce bango. Rufin ciyawa ya fi na kwano sanyi nesa ba kusa ba. Wanda ya riga ya rufa da kwano yana iya shimfiɗa kara ko zana a sama, ko ya shafa farin fenti. Gindin darbejiya ko mangwaro wuri ne mai kyau. Da hunturu kuma ana rataya buhu ko asabari a ɓangaren arewa maso gabas, inda iskar ke fitowa.

Cunkoso yana ƙara zafi. Kajin da ke wuni a rufe bai kamata su wuce uku ko huɗu a kowace murabba'in mita ba. Ana zuba ɓuntun shinkafa ko dusar katako a ƙasa don tsotse danshi, a gitta sanda don kaji su hau da dare, a tanadi gurbin saka ɗaya ga kowane kaji huɗu ko biyar a wuri mai ɗan duhu. Tsohon kwando ko fasasshiyar tukunya sun wadatar. Toka da yashi a wani lungu suna ba kaji wurin birgima, abin da ke rage musu ƙwarƙwata.

Kaji da agwagi suna iya wuni a tsakar gida ɗaya, amma raba musu makwanci ya fi. Kashin agwagwa ruwa-ruwa ne, kuma duk inda ta sha ruwa sai ta caɓa wurin. Danshin nan yana tayar da wari mai yaji da ke cutar da idon kaji da numfashinsu, yana kuma haɓaka cutar kashin jini a 'yan tsaki. Sannan toron da ba shi da isassun mata yakan bi kaji, kuma yana iya yi musu rauni har su mutu. Ana barin toro ɗaya ga agwagi huɗu zuwa shida, zakara ɗaya ga kaji wajen goma. Mai neman ƙwan ci kaɗai ba ya bukatar namiji ko ɗaya, domin mace tana sakawa ko babu shi. Agwagi sukan saka ƙwansu da asuba, don haka idan aka jinkirta buɗe musu zuwa hantsi, ƙwan ba zai ɓace a cikin ciyawa ko bakin kwata ba.

Ruwa da abinci

Kaza tana shan ruwa kusan ninki biyu na nauyin abincin da ta ci, a zafi kuma shan yakan ninka. Kusan kashi uku cikin huɗu na abin da ke cikin ƙwai ruwa ne, shi ya sa yinin ƙishirwa ɗaya kan tsayar da saka na kwanaki. Kaji ba sa son ruwan da ya yi ɗumi. Kaskon ƙasa a inuwa ya fi roba ko ƙarfe riƙe sanyi, kuma ruwan randa ya fi na jarkar da ta wuni a rana. Agwagwa ba lallai sai da kududdufi ba, amma tana bukatar mazubi mai zurfin da za ta nutsa kanta ta wanke hanci da ido, kuma ba a ba ta busasshen abinci babu ruwa a kusa. Tsohon ruwan da mushe ko ruɓaɓɓen abu ya kwana a ciki yana iya ɗaukar gubar da ke shanye wuyan agwagwa.

Kazar ƙwai tana cin giram 110 zuwa 120 a rana, abincin da furotin ɗinsa ya kai kashi 16 zuwa 18 cikin ɗari, da kalsiyam wajen giram 4. Dusa da tsaki da ƙanzo, waɗanda su ne abincin kajin gida, suna ba da ƙarfi amma furotin ɗinsu bai kai ba. Da damina ƙwari da tsutsa da ɗanyar ciyawa suna cike giɓin. Da rani babu su, kuma a nan ne ƙwai ke ja baya. Ana iya cikewa da tunkuza ko ƙuliƙuli marar gishiri da yaji, garin ƙananan kifi, ko waken suya. Waken suya sai an soya ko an dafa, domin ɗanyensa yana ɗauke da abin da ke hana narkar da furotin. Angurya kuwa tana da wani sinadari da ke ɓata launin gwaiduwa, don haka ba ta dace da kajin ƙwai ba. A sassan Afirka ta Yamma ana kama gara ta hanyar cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu da karmami, a yayyafa ruwa, a kife ta a hanyar gara, washegari a juye wa 'yan tsaki. Don kalsiyam ana daka ƙonannen ƙashi, ko ɓawon ƙwan da aka gasa aka niƙa. Ba a jefa wa kaji ɓawo yadda yake, don kada su koyi fasa ƙwansu. Ganyen zogale da jar masara suna sa gwaiduwa ta yi launi.

Hatsi ko gyaɗar da ta yi fumfuna ba abin ba tsuntsu ba ne. Tana ɗauke da gubar afalatoksin, kuma 'ya'yan agwagwa suna cikin dabbobin da wannan guba ta fi saurin kashewa. Al'adar zubar wa kaji da ruɓaɓɓen hatsin gindin rumbu tana jawo asarar da ba a cika gane sanadinta ba.

Kwanci da ƙyanƙyasa

Ƙwan kaza yana ƙyanƙyashewa a kwana 21, na zabo a kwana 26 zuwa 28, na agwagi irin Khaki Campbell a kwana 28, na agwagwa mai jan fuska kuwa sai kwana 35. Da damina masu kiwo sukan sa wa kaza ƙwan zabi ta ƙyanƙyashe, saboda zabuwa ba ta da kirki wajen raino. Ƙwan da za a sa a kwanci bai kamata ya wuce mako guda a ajiye ba, kuma a bazara ƙyanƙyasa takan ragu, domin zafin ɗaki kaɗai yana isa ya tayar da ɗan tayin kafin uwa ta kwanta. Yawancin asarar 'yan tsaki tana faruwa ne a makonnin farko, a bakin shirwa da shaho da hankaka da gafiya. Kife su da babban kwando tare da uwarsu na 'yan makonni, ana ba su tsaki da ruwa, yana ceton da yawa.

Cututtuka

Cutar da ta fi ƙarar da kajin gida ita ce Newcastle, wadda ta ci sunan wani birnin Ingila inda aka gano ta a shekarun 1920. A arewacin Najeriya ta fi tsananta da hunturu. Alamunta su ne koren zawo, tari da wahalar numfashi, murɗewar wuya, da mutuwa ɗaya bayan ɗaya har akurki ya zama wayam cikin mako guda. Ƙwayar bairas ce ke kawo ta, don haka ba ta da magani sai rigakafi. Barkono da sassaƙen maɗaci da kafson mutane da ake jiƙa wa kaji ba sa kashe ta. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana haɗa rigakafinta, har da nau'in I-2 mai jure zafi, wanda ake ɗiga wa kaza a ido duk bayan wata uku zuwa huɗu. Lokacin da ya fi dacewa shi ne kafin hunturu ya shigo. Akwai kuma Gumboro mai kama ƙananan kaji, da ƙurajen da ke fitowa a zanko da fuska waɗanda sauro ke yaɗawa, da tsutsar ciki.

Agwagi sun fi kaji ƙarfin jiki, kuma wannan ne haɗarinsu: suna iya ɗaukar Newcastle ko murar tsuntsaye ba tare da sun nuna alama ba, su shafa wa kaji. Murar tsuntsaye nau'in H5N1 an fara tabbatar da ita a nahiyar Afirka ne a watan Fabrairun 2006, a wata gonar kaji a jihar Kaduna, kuma tana iya kama mutum. Idan tsuntsaye suka fara mutuwa farat ɗaya, ana sanar da ma'aikatan dabbobi, a binne mushen da zurfi. Gaggawar kai sauran kasuwa kafin su mutu, wadda mutane ke yi don rage asara, ita ce babbar hanyar da annoba ke tsallakawa daga gari zuwa gari. Sabuwar kazar da aka sayo ko aka kawo kyauta ana ware ta mako biyu kafin a haɗa ta da na gida. Kazar da ake ba maganin kashe ƙwayoyin cuta kuma ba a cin ƙwanta sai kwanakin da aka rubuta a jikin maganin sun cika.

Ajiya da sayarwa

A zafi ana kwashe ƙwai sau biyu ko uku a rana. Ba a wanke ƙwan da za a ajiye, domin yana da wani siririn rufi da ke toshe ƙofofin ɓawo, kuma wanki yana cire shi. Ana goge datti da busasshen tsumma, a jera shi tsinin yana ƙasa, a wuri mafi sanyi a ɗaki, kamar gindin randa. Ana gwada ƙwai da ruwa: sabo yakan nutse ya kwanta, tsoho ya miƙe tsaye, lalatacce ya taso sama. Ƙwan agwagwa, da yake sau da yawa a ƙasa mai danshi ake saka shi, ana dafa shi sosai har gwaiduwa ta daskare.

Ƙwan kajin gida akasari ba ya zuwa kasuwa, ana barinsa ne don ƙyanƙyasa, tunda kaza ta fi ƙwai kuɗi. Tsohon camfin da ke cewa yaron da ake ba ƙwai zai tashi ɓarawo shi ma ya daɗe yana hana yara cinsa a wasu gidaje, duk da cewa ƙwai yana cikin abinci mafi gina jiki da gidan karkara ke iya samarwa ba tare da saye ba. Masu leyas na bayan gida suna sayarwa ne a kiret mai cin ƙwai 30, ga masu shayi da masu kanti da maƙwabta. Ƙwan agwagwa kasuwarsa ƙarama ce, domin wasu suna ƙyamarsa saboda ganin agwagwa tana kiwo a kwata, don haka mafi yawansa a gida ake cinye shi ko a bar wa uwar ta kwanta.